Tukar Magani a Bakin Lungu

Qiulan mai awara ta doshi hamsin, sai al'adarta ta rikice. Jini ya zo ya ƙi tafiya, har in ta sunkuya kan tukunya sai jiri ya ɗebe ta. Ta je wurin mai magani a can wata unguwa inda ba a san ta ba. Ya taɓa jijiyar hannunta, ya duba harshenta, ya ƙulla mata ganyen tazargade da saiwoyi da danƙon fatar jaki. Mijinta Degui kuwa ce masa ta yi na ciwon baya ne. Ita dai gara ta faɗi matacciya da lungunsu ya ji wannan magana, don kunya ce da ita kamar amarya.

Degui mutum ne mai son taimako inda ba a sa shi ba. Da ta tace maganin, sai ya kwashi tukar ya watsa a bakin lungu yadda aka gada, don masu wucewa su tattake cutar su tafi da ita.

Tsoho Kuang ne ya fara wucewa, wanda ya taɓa aiki a kantin magani kuma bai bar kowa ya manta ba. Ya tona tukar da sandarsa, ya shinshina.

"Wannan haɗin na zaunar da ciki ne," in ji shi. "Kai, Degui! Ashe da sauranka!"

Bai yi ƙarya duka ba, haɗin ana ba masu ciki ma. Kafin azahar labari ya gama lungu. Inna Pang, uwar tsegumin unguwa, ta shigo riƙe da baƙar kaza, mata na biye da ita da ƙwai da jan dabino. Degui na tsakar gida, baki har kunne, yana cewa shi ma bai sani ba sai yau.

"Zauna, 'yar nan!" in ji Inna Pang. "Da tsufanki, Qiulan? To, barka. Kada in ƙara ganin ki da guga."

Qiulan ta dubi mijinta yana auna inda gadon jariri zai shiga, ta ga abin ya wuce wasa.

"Ba ciki ba ne!" Muryarta har waje. "Jini ne ya ƙi tsayawa tun bazara! Kun ji daɗi?"

Ta jira dariya.

"Wannan ne kike ɓoyo?" in ji Inna Pang. "Ni da na yi nawa sai da na daina zama a kujerar mutane."

Nan fa mata suka ɓarke, kowa da nata. Wannan ta ce tokar gaɓar saiwar bado ce maganinsa, waccan ta ce ƙarya ne, a je asibiti a duba tukuna. Tsoho Kuang ya sulale.

Degui ya dubi matarsa. Tun bazara yana kallon ta tana kinkimar buhun wake, kuma tausayi da kunya suka kama shi lokaci guda. Ya miƙa wa Inna Pang kazarta.

"Mayar da me?" ta ce. "Yanka mata, sakarai. Mai ciki ai jininta na jikinta, wannan ce ke buƙatar kaza."