Kwaɓin Katangar Tsakar Gida

Ya ja igiyar ta ratsa tsakar gidan, tun daga ƙofar shiga har gindin famfo, ya ɗaure ta a jikin ƙusa, sannan ya miƙe yana kakkaɓe hannu. Ga bulo an jibge, ga tulin yashi, ga buhunan siminti jingine da bango. Yau za a raba gidan mahaifinsu biyu, kuma shi da hannunsa zai raba.

Dutse ake ce masa a wajen aiki, don gininsa ba ya tsagewa. Magini ne ɗan magini, kuma taurin kansa bai bar sunan ya tashi a banza ba. Bakinsa ne ya jawo masa aikin yau. Bayan rasuwar Baba, yayansa, wanda ke tuƙa motar haya, ya sayar da tsohon injin buga bulo na marigayin ba tare da shawara ba. Dutse ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce, "Wanda bai taɓa zubar da gumi a gidan nan ba, ai sayarwa ba za ta yi masa wuya ba."

Tun daga ranar Yaya bai sake yi masa magana ba. Dutse ya je ba da haƙuri, Yaya ya tada mota ya bar shi tsaye. Daga baya saƙo ya zo ta bakin Inna: a ja katanga, kowa ya san iyakarsa. Har Yaya ya samo wani magini da zai sa rodi ya zuba kankare. Nan Dutse ya kafe, ya ce muddin yana numfashi, cokalin ginin baƙo ba zai shiga gidan nan ba.

Inna na zaune a ƙofar ɗakinta, igiyar ta wuce dab da ƙafarta.

"Ni kuma ta ina za ku yanka ni?" ta tambaya.

"Inna, ki shiga ciki, ƙurar siminti za ta sa ki tari."

"Na shaƙe ta tun ba a haife ka ba. Yi aikinka."

Ya tara yashin da ya kamata ya ci buhu uku, ya farke buhu ɗaya, ya zazzaga rabi, ya naɗe bakin sauran. Da ya juya, kwaɓin ya fito jaja-jaja, ba shi da wannan launin toka da ido ke so. Sai da zuciyarsa ta sosu. Shi ne fa mai korar lebura a kan cokali ɗaya na siminti, yau ga shi yana ha'intar aikinsa da gangan. Amma ya riga ya yanke shawara. Katangar za ta miƙe sak, ba za ta faɗo wa kowa ba. Sai dai ranar da aka so, ƙaramar guduma ta isa, a zare bulo ɗaya bayan ɗaya lafiya lau, a share yashin da tsintsiya.

Abin da yake tsoro ɗaya ne. In Yaya ya gane, zai ce raina masa hankali aka yi, ya kira mai rodi da kankare. Irin wannan katangar kuwa, sai jikoki su tarar da ita. Kuma Yaya zai iya ganewa, don shi ya fara yi wa Baba kwaɓi tun Dutse bai iya ɗaga shebur ba. Bulon ɗakin Inna ma a kansa aka ɗauko su. Maganar gumin nan ƙarya ce tsagwaronta, kunyarta kuwa har yau tana cin Dutse.

Haka ya yi ta jerawa, yana shafa kwaɓi, yana ɗora bulo, yana ƙwanƙwasawa da gindin cokali. Bai huta ba, bai ci abinci ba. Da rana ta karkata katanga ta kai masa ƙugu, sai ya ji tsayuwar mota a waje.

Yaya ya shigo, ya tsaya a nasa ɓangaren yana bin layin da ido. Ya sa babban yatsa ya karce tsakanin bulo biyu. Yashi ya zubo. Ya zagayo, ya tsuguna gaban kwaɓin, ya damƙi kaɗan ya matse. Da ya buɗe hannu, abin ya wargaje.

"Wa ya koya maka wannan kwaɓin?"

Wannan ce maganarsa ta farko tun bayan rigimar. Dutse bai sunkuyar da kai ba.

"Ba wanda ya koya mini, Yaya."

"Kai da ake yi wa kirari? Wannan ko akuya ta sosa jikinta a nan, sai ta fito ɗaya ɓangaren."

"Ba za ta faɗi ba," in ji Dutse. "Sai in an so."

Yaya ya daɗe yana kallon yashin da ke tafinsa. Inna ta daina kaɗa ƙafa. Can sai ya miƙe, ya naɗe hannun rigarsa, ya ɗauki shebur ya nufi inda buhunan suke. Dutse ya ce a ransa shi ke nan, kashinsa ya bushe.

Yaya ya wuce buhunan. Tulin yashi ya soka wa shebur, ya ɗebo ya watsa a kan kwaɓin, ya ƙara ɗebowa. Ya shiga juyawa daga gefe zuwa tsakiya, yana karkata kafaɗa sak yadda Baba ke yi.

"Miƙo ruwa," ya ce, bai ɗago ba. "Kwaɓin nan ya yi ƙarfi da yawa."