Khalida Ta Ja Mota Daga Mertoutek

Tun farko Tijani bai so tafiya da 'yarsa Khalida ba. Matarsa Laure ce ta matsa: ana hutun lekkol, wato makaranta, yarinyar ta hana kowa sakat a gida, ga kuma jariri a hannu. Haka ya zaunar da ita a kujerar gaba ta tsohuwar motarsa kat-kat, bayan motar cike da shinkafa da taliya da shayi da zai kai wa Issa, wani mai shago a Mertoutek. Tijani mutumin Damagaram ne, shekararsa goma sha biyar yana kasuwanci a unguwar Sersouf ta Tamanrasset, kuma hanyar nan ya bi ta ya fi sau ashirin.

Sun je lafiya, sun kwana biyu. Da hantsi suka kamo hanyar komawa Tamanrasset. Khalida shekararta takwas, zama wuri ɗaya azaba ne a wurinta. Sun ƙirga raƙuma har sha ɗaya, raƙuma suka ƙare. Ta rera duk waƙoƙin lekkol da ta iya, ta cinye dabinon da Issa ya ba ta, ta jera ƙwallayen a kan cinya ta raɗa wa kowanne suna.

"Baba, saura nawa mu kai?"

"Da saura, 'yar Baba."

Rana ta kusa tsaka lokacin da ƙeyarsa ta sara. Ya murza ido. Hanyar ƙasar da ke gabansa ta rabu biyu, ɗaya a kan ɗaya, sannan duk abin da ke hagunsa ya dushe kamar an watsa toka. Yatsunsa na hagu suka fara yin sanyi. Nan ya tuna maganin hawan jininsa yana can a kan firjin shago, yau kwana uku ke nan.

Ya tsaya, ya ce zai duba taya. A bayan mota ya wanke fuska, ya ɗaga salula sama: babu rezo, ba damar kira. Ruwan jarka bai kai rabi ba. Ya san hanyar, ana iya wuni biyu ba a ga wata mota ba. Kwalta kuwa tana gaba, tafiyar awa biyu ga mai lafiyar ido. Ya dafa ƙarfen motar mai zafi, abu ɗaya kawai yake gani a ransa: shi a kwance ba ya motsi, Khalida tana jijjiga shi a tsakanin duwatsun nan. Ya karanto abin da ya zo bakinsa, ya gyara fuska, ya shiga.

"Na samo mana sabon wasa," in ji shi. "Kin san Buzayen nan masu kai baƙi dutsen Assekrem? Yau ke ce jagora. Ni baƙo ne, ban san ko'ina ba."

Ya ninke bargo ta hau kai don ta ga gaba sosai. Aikinta ta bi sawun tayoyi da ido, ta faɗa masa inda suka nufa, in ta ga dutse ko rami ta yi magana. Da yake har yanzu dama da hagu suna rikita ta, suka shirya ta riƙa cewa "wajena" ko "wajenka".

Abin ya yi mata daɗi. Ta kumbura murya irin ta manya. "Wajenka kaɗan, baƙo. Miƙe. Ga dutse wajena, ƙato kamar tunkiya." Shi kuma yana tafiya a hankali, ya runtse ido ɗaya, zufa na bin bayansa. In ta yi dariya sai ya taya ta, ko da yake yana jin leɓensa ya yi nauyi.

Bayan kamar rabin awa ta zame daga kan bargon.

"Na gaji da wannan. Mu yi wani."

"A'a, ci gaba. Kin iya sosai."

"Ni dai na gaji."

"Na ce ki hau ki duba hanya."

Bai taɓa yi mata irin wannan muryar ba. Ta juya ta fuskanci taga, ta daina duba hanya. Bai yi tafiyar kirki ba sai tayar hagu ta hau wani dutse da bai gani ba, motar ta karkata, ta dawo da ƙarfi, ƙwallayen dabino suka watse a ƙasa. Ya taka birki. Ƙura ta lulluɓe su.

Khalida ta daɗe tana kallonsa.

"Baba, dutsen nan fa a fili yake. Kuma bakinka ya karkace."

Ya so ya yi mata ƙarya, bai samu wadda za ta shiga ba.

"Idona ne ba ya gani sosai. Ciwo ne, likita zai gyara. Amma sai mun kai kwalta, kuma ba zan iya kai mu ni kaɗai ba."

Kafin ta fashe da kuka ya kama hannunta ya ɗora a kan makulli, ya nuna mata yadda ake kashe mota, da yadda ake jan birkin hannu da hannu biyu. Ya ce in ya daina magana ta yi haka, kada ta bar motar ko da me, ruwa kofi ɗaya-ɗaya, in ta ji ƙarar wata mota ta danna oda kada ta saki. Ya sa ta maimaita. Ta maimaita da muryar da da ƙyar ake ji, sannan ta hau kan bargon da kanta.

Daga nan babu sauran "baƙo". "Wajenka. Miƙe. Rami." In ya yi shiru na ɗan lokaci sai ta ce, "Baba?" shi kuma ya ce, "Ina nan." Don ta riƙa jin muryarsa ya shiga lissafo mata sunayen unguwannin Damagaram, harshensa yana sarƙewa a wasu.

A cikin wani busasshen kwari sawun ya rabu biyu, wannan karon da gaske. Ya san ɗaya yana kai wa wata rijiya da aka daina amfani da ita, amma ya kasa tuna wanne. Kansa kamar an cika shi da yashi.

"A bakin hanyar da za mu bi akwai tarin duwatsu da tsohuwar taya a kai. Nemo shi."

"Babu, Baba."

"Duba da kyau."

Ta miƙe tsaye a kan kujera, ta manna goshi a gilashi. Injin yana ta kaɗawa.

"Ga wani baƙin abu can wajenka. Ya faɗo ƙasa, yashi ya rufe rabinsa."

Suka bi nan.

La'asar ta yi lokacin da ta ce ta ga baƙin layi, da wata babbar mota tana tafiya a kai. Ya kai su bakin kwalta, ya kashe motar, ya kifa kai a sitiyari. Khalida ta danna oda ba ta saki ba har wata motar jandarma ta tsaya. Da jandarman ya buɗe ƙofarta sai da ya ɓamɓare yatsunta daga kan odar ɗaya bayan ɗaya. Yana sauke ta ƙasa ta yi amai.

Kwanansa tara a asibiti a Tamanrasset. Hannun ya dawo, bakin ma ya miƙe, amma likita ya ce gefen hagu na ganinsa sai abin da Allah ya yi, tuƙi kuwa ya ƙare. A rana ta uku Laure ta zo da Khalida, wadda tun da suka dawo ba ta ce wa kowa komai game da hanyar ba. Ta shigo ta tsaya a hagun gadon. Tijani yana ta juya kai yana neman ta. Ba wanda ya ce mata ta canja wuri. Ta zagaya ta ƙarshen gadon, ta dawo damansa, ta zauna.