Fuskar Inna a Bangon Arewa

Ni ban san mahaifiyata ba. Ranar da ta haife ni ta cika. Amma fuskarta kam na san ta sarai, domin tana jikin bangon arewa na cocin ƙauyenmu, Wenlow. Wani mai zane ne ya biyo ta garin kafin a haife ni, aka sa shi ya zana Maryamu, shi kuwa ya rasa wadda zai kalla sai uwata Emmot, matar Babana Ambrose mai shafen farar ƙasa. Har tawadar Allah da ke gefen hancinta bai bari ba. Duk Lahadi mutane suna addu'a, ni ina kallon uwata.

Ina shekara goma sha tara umarni ya zo daga sarki: a shafe duk wani zane da ke cikin coci, wai bautar gumaka ce. Shekarar nan kuwa kowa a wuya yake. Mai gonakin yankinmu ya zagaye makiyayar gari da shinge ya zuba tumakinsa, burodi ya yi tsadar tsiya. Mutanen ƙauyen da ke ƙetaren rafi sun tumɓuke shingen, aka rataye uku a bakin kasuwa. To wa zai ɗaga murya saboda zane?

Mai shafe ɗaya ne a Wenlow, Babana.

Gwaggo Thomasin, yayarsa, ta same shi yana jiƙa farar ƙasa. Ta ce, "Ambrose, ka ce ba ka da lafiya mana. A nemo wani daga gari."

"Hannun wani ba zai taɓa fuskar nan ba, Yaya."

Ni kuwa na fashe. "Au, naka ne zai taɓa? Haba Baba! Kabari ɗaya bai ishe ta ba, sai ka sake binne ta?"

Ya ci gaba da juya bokitinsa.

Tun ina ƙarama nake taya shi haɗi, na san ƙa'idarsa: a narka kitsen tunkiya a zuba cikin farar ƙasa don kada danshi ya ratsa, sannan a shafa sau uku. Ranar na ga ya ware wani ɗan bokiti, ba kitse, tsararo kamar madarar da aka tsarma wa ruwa. Fushi ya hana ni tambaya. Na ce a raina tsufa ne ya fara taɓa shi.

Ɗan aiken sarki na tsaye, Baba ya hau tsani. Ya shafe mala'iku, ya shafe waliyyai, sharaf-sharaf. Da ya zo kanta sai ya canza bokiti. A hankali ya riƙa jan buroshi, kamar mai wanke wa jinjiri fuska. Goshi ya tafi, idanu suka tafi. Ban jira na ga sauran ba, na fita ina kuka.

Bayan kwana biyu mutumin ya dawo dubawa. Rana ta ƙwalle, bango ya bushe fari fat. Ya jinjina wa Baba, ya hau dokinsa ya tafi.

Wata uku ban yi wa mahaifina magana ba. In dafa masa fate, in dire kwano, in juya. Allah ya yafe mini, har matsoraci na kira shi a gaban Gwaggo.

Sai ruwan kaka ya tsinke, kwana huɗu ba ɗaukewa. Ran Lahadi muna zaune, limamin cocinmu Fada Crispin yana karanta sabuwar addu'ar da ko shi bai gama iya ta ba, na ji Baba ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Avis, ɗago kai ki gai da mahaifiyarki."

Bangon arewa dama shi ke shan ruwa. Ya jiƙe sharkaf, ko'ina fari, ban da wuri ɗaya. Ga ta nan, dishi-dishi, kamar ana hango ta bayan labule. Idanun, hancin, har tawadar. Wayyo Allah!

Fada ya gani. Ya gyara tsayuwa ya ba bangon baya, ya ci gaba da karatu. Duk cocin ba wanda ya ce kanzil, kuma har yau ba wanda ya kai ƙara.

A hanyar gida na riƙe hannunsa ina kuka. "Baba, don Allah me ya hana ka faɗa mini?"

Ya yi dariya. "Ke? Da wannan bakin naki? Ai da an rataye ni kafin rana ta faɗi."

Shekara talatin ke nan da rasuwarsa. In rana ta fito, fuskar ta ɓace. In ruwa ya daɗe, ta dawo. Mutane suna tsine wa damina saboda tana ruɓar da sha'ir, ni ma nakan taya su don kada a ce. Amma da na ji ruwa ya kwana biyu a kan rufin, sai in ja gyalena in nufi coci. Mutum biyu nake zuwa gaisarwa yanzu: ita da ke jikin bangon, da wanda ya lulluɓe ta da mayafi marar nauyi.