Wa Ke Gaba a Hanyar Sligo

A ƙauyenmu, can bayan Vom, idan za a gona da sassafe namiji ne ke shiga gaba. Shi ke karkaɗe raɓa da ƙafafunsa, mace ta biyo baya zaninta a bushe. Da haka mijina Davou ya same ni. Mutum ne marar baki, ko zance ya zo sai ya zauna yana kallon takalminsa kamar shi ya zo gani. Amma damina guda ya yi yana shige mini gaba zuwa gonar babana, wandonsa sharkaf har gwiwa. Na ce wannan ko bai buɗe baki ba na ji abin da ya faɗa.

Zuwanmu Amurka bai canja shi ba. Ko coci za mu, a nan Takoma Park, yana gaba ina baya, 'yarmu Martha tana yi mana dariya da Turanci. Gudunsa ma bai bari ba. Da ƙuruciya ya wakilci Jihar Filato a gasar gudu, a nan kuma ya samu wata 'yar hanya a cikin itatuwa, gefen rafin Sligo, bayan gidanmu kaɗan. Da hunturu kafin ya dawo daga aiki duhu ya yi, don haka a duhun yake gudunsa. Ni ina aikin yamma a gidan kula da tsofaffi, ban taɓa ganin fitarsa ba.

Rahmatu ce ta gani, maƙwabciyata, matar wani ma'aikacin rediyo. Ita tagarta ba ta hutu. Ta kawo mini yaji, ta zauna, ta yi ta zagaye-zagaye, sannan ta tambaye ni ko na san Baban Martha ya samu abokiyar gudu. Na ce na sani mana. Ƙarya nake yi.

Constance ce. 'Yar Kagoro, nas a wurin wani likitan ido, ba ta da aure, ga ta siririya kamar ba ta cin tuwo. A coci ita ke ɗaga waƙa. Kullum sai ta rusuna ta ce mini Anti, ni kuma ina ba ta miyar kuka a roba don tausayin ba ta da kowa. Ashe ƙarfin gudu nake ƙara mata.

Daga ranar komai na Davou ya zama shaida a idona. Ya daina tuƙi in rana ta faɗi, sai ya miƙo mini makulli ya ce ya gaji. Na ce ai dole, gajiyar ta tafi wani wuri. Ya riƙa ture kofi a kan tebur, ya riƙa karo da kujera, na ce hankalin ne ba ya gida. Ya bi ɗakuna yana kunna fitilu duka, shi da a da yake bin mu yana kashewa. Wannan ma na samo masa fassara. Kishi nake yi, irin wanda ke hana mutum jin gishiri a miya, kuma ban ga laifina ba.

A Janairun 1987 aka yi dusar ƙanƙarar da ta tsayar da gari. Bas ba ta zo ba, aka bugo waya aka ce in zauna gida. Na ce to, yau dai mai hankali ba zai fita ba. Muna gama cin abincin dare sai ga Davou yana ɗaura kambas, ya ja hular ulu har kunne. Na tambaye shi ko shi kaɗai zai je. Ya ce ba zai daɗe ba. Ba abin da na tambaya ke nan ba.

Na ba shi tazara, na sa wando, na ɗaura zani a kai, na zura tsohuwar kwat ɗinsa, na bi sawu. Ni 'yar gona ce, ba a ɓoye mini sawu. Ga nasa manya-manya daga ƙofa, ƙafar hagu tana ɗan buɗewa waje yadda na san ta. A bakin itatuwa, inda fitilar titi ta ƙare, wasu ƙanana suka fito daga dama suka same su. An tsaya a nan, an tattake wurin. Na tsaya ni ma ina kallo.

Na shiga ciki. Dusar tana da nata haske, fari-fari, ya ishe ni ganin ƙasa. Rafin ya yi shiru, rassa sun sunkuyo da nauyi. Ban yi nisa ba na lura ƙananan sawun sun ɓace. Nasa kaɗai suka rage, a jere. Na ce wato yana shige mata gaba, yana fasa mata hanya, tana taka inda ya taka. Abin da ya yi mini a raɓa shi yake yi wa wata a ƙanƙara. Idona ya ciko, sanyi ya sa hawayen suka yi mini zafi.

Sai na durƙusa na duba da kyau. In ita ce a baya, ai ƙaramin sawunta zai fito a cikin babban nasa. Babu. To ina ta shiga? Wallahi abin da ya zo mini shi ne goya ta ya yi. Na hango mijina, dattijo mai karanta Littafi Mai Tsarki a gaban jama'a, yana sukuwa cikin daji da nas a bayansa. Da ba ni abin ya shafa ba da na yi dariya.

Na kai wata 'yar gadar katako na tsaya, don dole ta nan za su dawo. Yatsun ƙafata sun daina jin komai kafin in hango hasken tocila yana rawa tsakanin itatuwa. Murya ta riga su isowa, muryar nan da ke ɗaga waƙa.

"Saiwa a dama. Gangara. Ɗaga ƙafa, dutse."

Ita ce a gaba. Tocilar ma ba gabanta take haskawa ba, ta juya ta baya tana haska dugaduganta. Davou yana biye, kai a sunkuye, yana sa ƙafarsa daidai inda ta cire tata. Shi ya sa nasa suka shafe nata. Tunda nake da shi ban taɓa ganinsa a bayan mace ba.

Constance ta gan ni, ta tsaya cak. Ya yi karo da bayanta. Ya ɗago kai ya dubi inda nake, tsakaninmu bai fi miƙa hannu ba, ina sanye da kwat ɗinsa.

"Me ya faru?" ya ce. "Akwai mutum ne a nan?"

Constance ce ta ce masa ni ce, Anti Atine. Daga nan ta shiga yi mini bayani da sauri, ta ce idonsa ne ke ciwo. Ba dundumin da muka sani a gida ba ne, wanda ake sha wa magani ya wuce. Ciwo ne da ke fara cin ganin dare, ya bi gefe-gefe, ya yi ta matsowa. Tun bara ya je wurin likitansu. Ya roƙe ta kada ta faɗa, ya ce a bar shi ya yi gudunsa kafin abin ya ƙwace. Ta ce ta sha gaya masa ya sanar da ni.

Wata za ta ce hankalinta ya kwanta. Nawa bai kwanta ba. Da soyayya suke yi, da na san abin da zan yi, da na san wanda zan kai wa ƙara. Amma wannan fa? Tsoronsa ya ɗauka, abin da bai taɓa nuna mini ba, ya kai wa wata ta riƙe masa. Ni ya bar ni da wanki da tuwo.

"Baban Martha," na ce, "ita ka gaya wa."

Ya daɗe yana kallon takalminsa, ko da yake na san ba ya ganinsa.

"Ni ke shige miki gaba," ya ce. "In na gaya miki, a ina zan tsaya?"

Na miƙa wa Constance hannu. Ta fahimta, ta sa mini tocilar. Na yi mata godiya, don an koya mini ladabi, na ce ta tafi gida kada sanyi ya kama ta, ranar Lahadi kuma ba sai ta dawo mini da robata ba. Ta rusuna, ta wuce da ɗan gudunta mai kyau, ta ɓace.

Na shiga gaba. Ban iya gudu ba, ban san hanyar ba, dusar tana kama ni har ƙwauri. Na juya tocilar baya yadda na ga ta yi, sai ni kuma na daina ganin gabana sosai. Ina jin numfashinsa a bayana, yana rage takunsa don ya yi daidai da nawa. Na manta ana faɗa masa abin da ke ƙasa. Ni na tsallake wata saiwa, shi ta harɗe shi, ya faɗi ƙasa, ya miƙo hannu cikin duhu.

"Constance," ya ce.

Na kama hannun. Na riƙe shi da ƙarfi fiye da yadda ake bukata.

"Ni ce," na ce. "Tashi. Akwai wata saiwar a hagu."

Haka muka taka har gida, ina kiran duwatsu da muryar da ba ta iya waƙa ba. A bakin ƙofa na duba zanina, ya jiƙe sharkaf har gwiwa.