Neman Gafara Karo na Biyu

Ranar da Sharafaddeen zai tafi aikin zuciya na farko, unguwar Gada Biyu kaf ta raka shi tasha. Abokansa masu Keke Napep har rige-rigen ba da jini suka yi. Aka sa masa bawul na naman saniya, wato ɗan murfin da ke hana jini komawa baya, ya warke, ya koma tuƙinsa.

Shekaru suka tura, bawul ɗin ya gaji. Ƙafafu suka kumbura, ɗan hawan nan na bakin gada ma sai ya tsaya ya huta. Likita a Abuja bai ɓoye masa ba: sake buɗe ƙirji ya fi na farko haɗari, domin tabon ciki kan manne zuciya da ƙashin ƙirji.

"Mafi yawa suna tashi lafiya," in ji likita, "amma ba zan ce maka duka ba."

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai, kada ya tafi da haƙƙin kowa a wuyansa. Sai ya shiga bin mutane a hankali yana neman gafara.

Datti, shugaban tasharsu, ya kyalkyale da dariya. "Kai malam, yafiyar da muka yi maka wancan karon ai ba ta ƙare ba! Je ka a canza maka fulogi ka dawo."

Kowa haka. Wani ya ce ai ya saba, wani ya ce a taho masa da tsaraba. Ya yi ta murmushi, bai iya ɓata musu raha ba.

Ran tafiya da safe, sanyin Jos na ratsa rigarsa, ya biya Laranto wurin yayarsa Tabawa mai masa. Ita kaɗai ta rage masa a duniya. Ya durƙusa gefen tanda.

"Yaya, ki yafe mini."

"Yafe me, sarkin raki? Miƙo mini ludayin can."

Ya miƙa. Sannan ya faɗa mata maganar likita, bai rage komai ba. Hannunta ya tsaya. Masa ta fara ƙonewa, ba ta juya ba.

"Shi ne ka yi shiru, ɗan nan? Da na sami wanda zai zauna mini da yara, na bi ka."

"Kowa na cikin hidimarsa, Yaya. Ki dai ce kin yafe."

Ta dube shi.

"Ban yafe ba."

"Yaya..."

"Na ce ban yafe ba. In kana so, ka dawo da ƙafarka ka nema."

Ta ƙunshe masa masa mai zafi a leda, ta kau da kai wajen hayaƙi. Ya ɗauki ledar, ya tashi.

A tasha ya sami kujerar gefen taga. Ya ɗora ledar a cinya, ya riƙe ta da hannu biyu har mota ta cika.