Kunnen 'Yar Gyartai

Kwana tara da dakatar da ni daga aiki, sai ga motar Injiniya Musbahu a ƙofar gidanmu a Gude. Shi ne shugabana a wurin gyaran jiragen sama a Kano. Na san ba zumunci ya kawo shi ba, mutumin da ko a ofis sai ka gaishe shi sau biyu kafin ya amsa.

Ga abin da ya haɗa mu. Fiffiken jirgin yanzu ba ƙarfe ba ne zalla, zare ne ake shimfiɗawa hawa-hawa a manne shi da danƙo. In ya rabu ta ciki, ido ba ya gani. Aikina in bi shi da 'yar guduma ina ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen wuri yana amsawa tas-tas. A fiffiken hagu na wani jirgi na ji amsa a dushe, wuri kamar faɗin tafin hannu. Na ce sai an buɗe an gyara, aikin mako biyu. Shugabanni suka ce jibi jirgin zai ɗauki fasinja, in sa hannu cewa lafiyarsa lau. Na ƙi. Har yau yana ajiye, don ni kaɗai ke da lasisin wannan ɓangaren.

Musbahu bai neme ni ba, mahaifina Baffa Sajo ya nema. Ya san halinmu, in uba ya ce a yi, magana ta ƙare. Aka yi masa shimfiɗa a zaure, aka kawo fura da nono, har da tambayar lafiyar shanu, shi da bai san karsana da bijimi ba. Sannan aka kira ni. Na durƙusa raina a ɓace.

"Bushira," in ji Baffa, "babban mutum ya tako har gida. Ya ce in kin sa hannu gobe ki koma aiki, in kin ƙi shi ke nan. Shekara nawa kika yi kina karatun nan?"

Gaskiya na tsorata, don ban taɓa yi wa Baffa musu ba, kuma na ga inda ya dosa.

Da Musbahu ya kama bakinsa a nan, da ya gama da ni. Amma ina.

"Ai Baba, ba wani abu ba ne," ya ce yana dariya. "Fenti lafiya lau, ko'ina sumul. Ita ce ta tsaya ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe sai ka ce gyartai."

Bai lura da basilla da tulin ƙoran da ke kusurwar zauren ba. Shekara arba'in Baffa yana ɗinke wa masu tallan nono fasassun ƙorai, daga kasuwar Kabo har Getso. A gabansa na koyi sauraro.

Baffa ya ajiye ludayi. Ya jawo wata ƙwarya mai kyau, ko ƙwarzane babu, ya ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa. Ta amsa a dushe.

"Irin wannan kika ji?"

"Ita ce sak, Baffa."

"Wannan in an zuba mata nono ba ta kai kasuwa. Jirgin mutum nawa yake ɗauka?"

"Ɗari da arba'in."

Sai Baffa ya bar maganar tsakanina da baƙon. Na ɗauki takardar sa hannun daga kan tabarma na miƙa masa ita yadda ya kawo ta.

"Injiniya, ba ka yi ƙarya ba, gyartai ce ni, 'yar gyartai. A buɗe fiffiken nan. Hannuna ba zai hau takardar nan ba."

"Kin san aikinki ya tafi ke nan?"

"Na sani."

Ya tashi ko furar bai ƙarasa ba. Ina jin motar ta tashi na bi ƙofar zauren da kallo, don ina son aikin nan kamar raina.

Baffa ya miƙo mini ƙwaryar, ya ɗauki basillarsa.

"Nuna mini inda ta tsage," ya ce.

Na ƙwanƙwasa sau uku, na ɗora yatsa a wurin.