Garin da Mizan Ya Fito

"Garinsu fa?" ma'aikacin asibitin ya tambaya, yana riƙe da biro.

Dawuda bai sani ba. Shekara shida suna sauke buhunan albasa tare a kasuwar Utaiƙa, nan ƙasar Larabawa, kwanonsu ɗaya, amma iyakar saninsa sunan mutumin Mizan, sunan ma ba ya kiransa da shi. Bangali yake ce masa, yadda kowa ke ce wa duk mai irin kamarsa. Jiya Mizan ya yanke jiki ya faɗi da buhu a kafaɗa, bai sake tashi ba. Babu iƙama, katin izinin zama, a aljihunsa, don ya daɗe da gudu daga hannun kafilinsa, ubangidan da ya kawo shi ƙasar, wayarsa kuma a kulle take.

"In ba a samu danginsa ba, nan za a binne shi," in ji ma'aikacin. "Su can sai su yi ta jira."

Kunya ta lulluɓe Dawuda, domin Mizan ba rowar labarin garinsu yake yi ba. Kullum aka zauna cin abinci sai ya ɗauko shi cikin karyayyen Larabcinsa, Dawuda kuwa na cewa "to, to" yana tsince naman.

Bayan azahar ya shiga unguwar Batha, inda 'yan Bangaladash suka yi dandazo, yana bi shago-shago.

"Akwai kogi a garin," ya ce wa wani mai shayi.

Mai shayin ya yi dariya har da riƙe ciki. "Aboki, a wajenmu wane gari ne ba kogi?"

Shago na bakwai na wani tsohon tela ne, Malam Anisur. Shi bai yi dariya ba. Ya tsayar da keken ɗinki ya ce, "Zauna. Me kuma ya gaya maka?"

Dawuda ya dafe kai yana tono. Ashe kunnensa ya adana abin da shi bai damu da shi ba. Sau uku kogin ya cinye garin, ana matsawa yamma. Turawa sun gina tashar jirgin ƙasa saboda rama, yanzu awaki ke kwana a ciki. Mutanen ba su kai dubu tara ba, rabin mazan suna ƙasashen Larabawa. Kasuwa ranar Talata take ci.

"Nurhati," in ji tsohon. "Ba ma a Bangaladash yake ba. Indiya ne, bakin iyaka."

Dawuda ya sunkuyar da kai. Shekara shida, ko ƙasar bai canka daidai ba.

Malam Anisur ya kira wani, wanin ya kira ƙaninsa a can, ƙanin ya hau keke ya nufi gidan. Ana fitowa daga sallar la'asar wayar tsohon ta yi ƙara. Muryar mace ce, tana magana da sauri. Tsohon ya ambaci sunan Dawuda, sai muryar ta washe.

"Matarsa ce," ya ce, ya rufe bakin wayar da tafinsa. "Tana tambaya, kai ne Dawuda na Kazaure, garin da ke tsakanin duwatsu, mai dam? Ta ce yaya ƙafar mahaifiyarka, ta fara takawa? Wai 'yarka Ruƙayyatu ta sauke Alƙur'anin?"

Dawuda kuwa ko sunan matar bai sani ba, bai san ko 'ya'ya nawa Mizan ya bari ba.

"Ba ta san komai ba tukuna," tsohon ya ce a hankali. "Je ka waje, ni zan gaya mata."

Dawuda ya dubi ƙofar, ya ga a buɗe take. Ya jawo kujerarsa kusa da tsohon, ya karɓi wayar.

"Ni zan faɗa, Baba, kai ka fassara," ya ce. "Amma tukuna tambaye ta sunanta."